Ranar da Na Dakatar da Kawu

Shekara bakwai na yi ina ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar saukar karatu a Tambuwal da kewaye kafin tsohuwar kyamarata ta fara ba ni kunya. In wuri da ɗan duhu sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi, in kuwa a rana ne sai farin kaya ya cinye fuskar mutum. Na daɗe ina cewa zan sake wata, ina ɗagawa. Wata waya daga Fakku ce ta hana ni ƙara ɗagawa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, malami ne a can, manomi kuma. Akwai wata doguwar waƙar wa'azi da mahaifinsa ya rubuta da ajami. Gara ta ci fiye da rabin takardun, waƙar ba ta rage cikakkiya a ko'ina ba sai a kan Kawu. Mun sha roƙonsa a ɗauka, yana cewa ba sauri. Sai aka gano ƙari a maƙogwaronsa. Likita ya sa Litinin za a yi masa aiki a Sakkwato, bai kuma ɓoye wa iyalinsa ba cewa mai yiwuwa muryar ba za ta dawo ba. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, shi ya kira ni ranar Alhamis.

"Malam ya ce ka taho ran Assabar da na'urarka. Sau guda za shi yi, ba shi da ƙarfin maimaitawa."

Ina ajiye wayar na kira wani abokina da ke sayar da kayan ɗaukar fim a Sakkwato. Ya ce akwai biyu a hannunsa da za su yi mini, zai kawo su bayan sallar Juma'a in gwada, amma dole ɗaya ta koma da shi a ranar, don akwai mai jiranta.

Bazara ce, irin wadda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Ya iso shagona yana zuba gumi, ya buɗe jakunkuna biyu a kan tebur. Ta farkon babba ce, mai nauyi, da fanka a cikinta wadda ke sanyaya ta, tana iya wuni tana ɗauka. Ta biyun ƙarama ce, ba fanka, ba ta da ko motsi. Muka rufe ƙofar shagon rabi don ya yi kama da zauren Kawu, abokina ya naɗa farin mayafi a kai ya zauna a tabarma. Duk biyun sun fitar da fuskarsa tas, har layin gumi a goshinsa, farin bai ƙone ba, inuwar ba ta toshe ba. Na ɗauko tsohon allo mai rubutu, su biyun suka nuna kowane wasali. A hoto dai ban ga inda zan raba su ba.

"Ɗauki babbar ka huta," in ji shi. "Zafin garin nan ba na wasa ba ne."

Na ce ya yi mini magana ƙasa-ƙasa, kamar mai ciwon maƙogwaro. Na sa abin ji a kunne. A ƙarƙashin muryarsa sai ga wani siririn huci, bai tsayawa. Fankar ce. Na matsar da kyamarar baya har ta jingina da bango, na maƙala masa makirufo a wuyan riga, hucin ya ragu amma bai tafi ba. Na san zauren Kawu, taku biyar ne daga bango zuwa bango, kuma na ji muryarsa a waya satin da ya wuce, sai da na danne wayar a kunne kafin na gane abin da yake faɗi.

Muka kunna ƙaramar muka bar ta tana ɗauka, muna zaune muna kallonta. Ba ta ba da sauti ko kaɗan ba. A minti arba'in wata alama ruwan ɗorawa ta fito a kusurwar allonta. A minti hamsin ta kashe kanta. Na taɓa bayanta, kamar an sauke tukunya.

Na kira Yaya na tambaye shi tsawon waƙar. Ya ce rabonsa da jin ta gaba ɗaya tun yana saurayi, amma ba ta kasa awa guda ba.

Abokina yana duba agogo. Ni kuma ina tsaye tsakanin jakunkunan, hannuna yana zuwa kan wannan yana komawa kan waccan. A ƙarshe na lissafa cewa shagona rufin kwano ne, zauren Kawu kuwa na ƙasa ne, in muka fara da sanyin safiya ƙaramar za ta kai. Na ce ya tafi da babbar. Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?" Na ce a'a, amma ya tafi da ita.

Na bar Tambuwal bayan asuba a kan babur, jakar a ƙirjina. Na ratsa Kebbe kasuwa ba ta ma fara motsi ba, na isa Fakku da hantsi. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne mutane. Labarin tafiyar Kawu asibiti ya zaga, ƙofar gida cike take da takalma. Almajiransa na da, waɗanda yanzu suka yi furfura, da maƙwabta, da dattawan ƙauyukan kusa, kowa ya zo yi masa addu'a. Kawu bai taɓa sallamar baƙo ba. Na kafa kyamarar kan ƙafarta mai uku a kusurwa ina kallon rana tana hawa bango. Na raɗa wa Yaya cewa zafi zai ɓata mana aiki. Ya ce, "To mi kaka so in yi? In kore su?"

Sai bayan azahar zauren ya sarara. Iska ta ɗauke gaba ɗaya. Kawu ya gyara rawaninsa, ya kurɓi ruwan ɗumi, ya dubi gilashin kyamarar, sannan ya dube ni.

"In na soma ba a tsai da ni. Haka babana ya karantar da ni ita."

Na ce to, na maƙala masa makirufo, na danna maɓallin ɗauka.

Muryar ta fito a dishe, amma karin waƙar yana nan daram. Ta cikin abin jin da ke kunnena ina jin har shigar numfashinsa, babu wani sauti a bayansa sai kukan kurciya can nesa. Na yi hamdala a raina. Minti ashirin, talatin. A minti talatin da biyu alamar nan ta fito.

Na buɗe allon na nisanta shi da jikin kyamarar, na zare murfin batir don iska ta shiga. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, tana zaune bakin ƙofar cikin gida da maficin kaba a hannu. Ta ga fuskata. Na nuna mata kyamarar da ido, na kaɗa hannu. Ta matso a durƙushe ta shiga yi mata fifita. Sai na ji fif-fif ɗin maficin yana shiga makirufo. Na riƙe hannunta, ta rage, tana kaɗawa a hankali.

Alamar ta koma ja, tana ƙyaftawa. Na san in ta mutu da kanta tana tsakiyar ɗauka, abin da aka ɗauka duka zai iya lalacewa. Kawu idonsa a rufe, yana ta tafiya. A tsawon rayuwata ban taɓa katse shi ba ko a hira. Na jira ya kai ƙarshen baiti, ya ja numfashi, na danna tsayawa.

"Kawu, Allah gafarta Malam, a dakata."

Yaya ya zuba mini ido kamar ya mare ni. Kawu ya buɗe ido a hankali.

"Mi ya faru?"

Na ce na'urar ta yi zafi, in ba a bar ta ta huce ba za mu rasa komai, kuma laifina ne, ni na zaɓe ta. Ya shafa maƙogwaronsa.

"Abin da nika tsoro, in na yi shiru muryar ta ƙi dawowa," ya ce, da ƙyar nake jinsa. "Yi maza."

Na cire batir da katin da hoton ke shiga, na kai kyamarar gindin randa inda ƙasa ke da danshi, na shimfiɗa tsumma na ɗora ta. Inna tana fifita da dukan ƙarfinta yanzu. Yaya ya kawo zuma da ruwan ɗumi. Kawu leɓensa kawai ke motsi, yana riƙe da baitin da ya tsaya. Kwata guda muka yi a haka, ina taɓa ta kowane ɗan lokaci.

Da na mayar da ita kan ƙafarta na ce bismillah, ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ya sake, haka. Inna ta sunkuyar da kai. Ya kurɓi ruwan, ya yi gyaran murya mai ciwo da har ni sai da na runtse ido, a karo na uku muryar ta kama. Ta fi ta farko rauni, wasu wuraren raɗa ce kawai, amma makirufon ya kwashe ta. Ya kai ƙarshe daf da la'asar, alamar ruwan ɗorawa ta riga ta sake fitowa. Ya shafa addu'a ya jingina da bango.

Ban iya jira in koma gida ba. A nan zauren na buɗe kwamfuta na sa katin. Kashi biyun suka fito. Na buɗe na farko na ja shi har ƙarshe, lafiya lau, na biyun ma haka. Na kwafe su wuri uku kafin na tashi yin alwala.

An yi aikin ranar Litinin. Kawu ya tashi, ya koma gida bayan sati biyu, yana magana da raɗa da nuni. Da na kai masa bidiyon ya kalla tun daga farko, ya sa aka tsayar a wani baiti, ya karɓi alƙalami ya rubuta mini a takarda cewa ya musanya kalma ɗaya a nan, in rubuta daidai ɗin a ƙasan hoton.