Armiya'u Maccido da Akwatin Waƙoƙin Daɓe

Haihuwarsa

An haifi Armiya'u a shekarar 1971 a garin Dauran na ƙasar Zurmi, bayan an gama ɗaure damman gero. Mahaifinsa Malam Maccido maginin rumbu ne, mahaifiyarsa Kulsumu kuwa ita ce mai ba da waƙa idan matan unguwa suka taru yin daɓe, wato dukan ƙasan sabon ɗaki har ta yi ƙarfi da santsi. Mai rubuta wannan tarihi yayarsa ce, Lubabatu, wadda ta goye shi. Karatunta na allo ne da aji huɗu na firamare, saboda haka inda shekara ta kuskure a yi mata uzuri.

Karatu, sana'a da aure

An sa shi firamare a Zurmi a 1978, ya yi sakandare a Ƙaura Namoda, ya kammala a 1990. Daga nan ya kama sana'ar rubuta allunan shaguna da zanen jikin motoci kusa da tashar jirgin ƙasa. A 1994 ya auri Zulaihat, 'yar wani madunki a Shinkafi, suka zauna a Ƙaura.

Jami'a

A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, ya sami gurbi a wata jami'ar fasahohi a kudancin ƙasar nan. A can ba a raba ilimi gida-gida. Ɗalibi ɗaya zai shiga ajin gini da safe, ajin kiɗa da azahar, washegari a kai shi ɗakin binciken ƙasa da duwatsu. Da ya bayyana haka a gida, mahaifinsa ya riƙe baki ya ce ashe sai an kai Kudu ake koyon kwaɓa laka, da ya sani da shi ma ya buɗe jami'a a bayan gida.

Aikin da za a ba shi digiri a kansa ya zaɓe shi a kan daɓe. Shekara biyu, 1998 da 1999, duk hutunsa ya ƙare a Dauran da Ɗan Isa da ƙauyukan Shinkafi, yana neman izinin mazaje, yana ɗaukar muryoyin mata a rikoda, yana zana hannuwansu da madaɓansu, yana ɗibar ƙasar kowane ɗaki. Nufinsa ya nuna cewa waƙar ce ke daidaita duka, dukan ne ke sa ƙasa ta daɗe ba ta tsage ba. Ya tara kaset arba'in da ɗaya da littattafan zane shida, ya ajiye su cikin akwatin ƙarfe a ɗakin yayarsa a Dauran. A ƙarshen 1999 Allah ya yi wa mahaifiyarsu rasuwa. Kaset bakwai muryarta ce.

Abin da ya faru a shekarar 2000

A farkon wannan shekara, da aka fara aiki da Shari'a, wata magana ta taso daga kasuwar Alhamis ta Shinkafi, cewa za a bi gida-gida, kuma duk matar auren da aka samu muryarta a kaset za a hukunta ta da mijinta. Babu alƙalin da ya faɗi haka, babu hukumar da ta aiko, amma wannan ba a gane ba sai daga baya. Mazajen da suka ba da izini suka cika ƙofar Malam Maccido, wani har ya rantse da saki. Armiya'u yana Ƙaura.

Ranar Juma'a da hantsi Lubabatu ta fito da akwatin tsakar gida, ta zuba kaset da littattafai a murhu. A tunaninta karatu duk ɗaya ne: idan an hardace allo sai a wanke, abin ya zauna a ƙirji.

Ranar Asabar ya iso. Ya ce, “Yaya, ina akwatina?” Ta ce, “Na ƙone, an huta da fitina. Ai kai ka hardace.” Ya dube ta ya ce, “Yaya, can ba su tambayar abin da ke kai, abin da ke hannu suke so.” Ya zauna a ƙasa da fararen kayansa, ya ce, “Har muryar Inna?” Har ya bar duniya bai sake ta da maganar ba, ko sau ɗaya.

Shekarunsa na ƙarshe

Jami'a ta ƙara masa shekara guda ya sake aikin. Ƙofofin da suka buɗe masa a da suka rufe, tsofaffi huɗu daga cikin masu waƙar sun rasu, siminti kuma ya shiga ɗakuna. A 2001 aka cire sunansa ba tare da digiri ba. Ya koma rubuta alluna a Ƙaura, amma ya sayi wata rikoda, duk ranar da babu aiki yana hawa babur ya bi ƙauyuka, ko da babu sauran mai jiran aikin.

Rasuwarsa

Ranar wata Talata cikin daminar 2003, ya bar Zurmi zai je Dauran wajen wata tsohuwa da ta yarda ta yi masa waƙa, babur ɗinsa ya zame a gangaren rafi. Manoman da suka ɗauko shi sun ce bai yi magana ba har rai ya yi halinsa. Yana da shekara talatin da biyu. A jakarsa an sami kaset uku cikakku, iyakar abin da ya iya maidowa ke nan.

An yi masa sallah bayan la'asar a ƙofar gidan mahaifinsa, aka binne shi a maƙabartar Dauran. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ya bar mahaifinsa, da matarsa Zulaihat, da 'ya'ya uku: Mubashir, da Mardiyya, da autarsu da aka haifa wata biyar bayan an ƙona akwatin, wadda shi da bakinsa ya ce a raɗa mata suna Lubabatu.