Baba Iliya Nomau, Mai Tambayar Safiya

Kafin kaji su sauko, Baba Iliya Nomau ya riga ya isa 'yar majami'ar Gidan Korau, ƙauyenmu na Kiristoci da ke maƙale a tsakanin gonakin Tsanyawa. Zai share daɓe, ya daki tsohon bakin garmar da ke rataye jikin darbejiya a madadin ƙararrawa, ya zauna yana jiran jama'a. Ba fasto ba ne. Manomi ne kamar kowa, sai dai tun kansa bai yi furfura ba ya ɗora wa kansa addu'ar safiya.

Addu'ar tasa kuwa ba ta malalata ba ce. Kafin a rufe ido sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya: "Yau me ka sa a gaba?" Abu guda yake so, wanda za a iya yi kafin rana ta faɗi. In ka ce, "Allah dai ya ba mu lafiya," sai ya harare ka. "Wannan aikin Ubangiji ne. Naka nake tambaya." Abin da ka faɗa, a kansa za a yi maka addu'a. Mun sha yi masa tsiya a bayan ido, wai ya fi alƙali bin diddigi.

Bitrus Jatau shaida ne. Wata damina ya fito da niyyar tuge gambar da ta raba gonarsa da ta maƙwabcinsa Musulmi, Malam Badaru, don ya ƙara 'yar ƙasa. Da tambaya ta zo kansa, bakinsa ya yi nauyi. Baba ya dube shi ya ce, "Bitrus, in ba ta faɗuwa a nan, kada ka kai ta gona." Ranar ciyawa kawai ya nome. Gambar tana nan har gobe.

Kai ne, Baba, ka sa Saratu, 'yar majami'armu, ta taka ta gaida surukarta bayan sun shekara ba sa ga-maciji. Kai ne ka hana mu tashi mu faɗa wa yini kamar tumakin da aka buɗe wa garke. Bawan Allah, mai ɗaura wa rana linzami!

Amma ina jama'ar? Rabon gado ya yayyanka gonaki har ba sa ciyar da gida. Samari sun tafi dako kasuwar Dawanau, wasu sun shige Kano. Bencin da da ake matsatsi a kai, yanzu tsofaffin mata ne jefi-jefi. Bara kuma ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Da hagu yake ta faman buga ƙarfen, ƙarar ko bayan gari ba ta kaiwa. Ranar Lahadi 'yarsa Lami za ta zo ta tafi da shi birni.

Da aka zauna neman wanda zai gaje shi, kowa ya ƙura wa ƙasa ido. Bitrus ya ce, "Ni dai ba zan iya tsare mutum da tambaya ba, nauyin ido nake ji." Labari ya kai wa Malam Badaru, ya tako har ƙofar gidan Baba.

"Malam Iliya, in bugun ƙarfen ne, idan na fito daga sallar asuba zan riƙa buga muku. Amma addu'ar fa, sai naku."

Baba ya yi godiya, ya kau da kai yana share ido. Ni ma kunya ta kama ni, don ina cikin waɗanda suka yi shiru.

Mun gode, Baba. Ubangiji ya saka maka, ya sassauta maka ciwo. Ku kuma 'ya'yan Gidan Korau, na gida da na birni, ba digiri ake nema ba, mutum ɗaya ake so da zai tashi da wuri ya tambaye mu. Malam Badaru ya ce Litinin zai buga. Wanda zai tsaya a gaba ne har yanzu babu.