Dattin Jirgin Abduljalil

Abduljalil ɗan Alhaji Mahamman bai taɓa shiga jirgin sama ba. Amma ka zauna a shagonsa na fotokofi a unguwar Banikanni ka yi kuskuren ambaton jirgi, to ka shirya wuni. Zai gaya maka inda hayaƙi ke baƙanta wa jirgin yaƙin Mirage gindi da inda matuƙi ke ɗora ƙafa in zai hau, sai ka rantse shi ya tuƙo shi daga Faransa.

Asalinsa ɗan Djougou ne, daga gidan da kakanninsu suka zo da ayarin goro suka sauke kaya ba su ƙara ɗauka ba. Har yau goro gidan yake sayarwa. Yayansa Chaibou ya gaji rumfa, ya gaji tumbi, ya gaji murya. Shi kuwa Abduljalil, shekara arba'in da uku, da mata da 'ya'ya, jiragen roba yake haɗawa.

Abin ya same shi ne a kasuwar Arzèkè, cikin tarin kayan wasan gwanjo da ake kwasowa daga bato, wato jirgin ruwa. Ya ga kwali mai hoton jirgin yaƙi, ya buɗe bai ga jirgi ba, sai guntayen roba manne da juna da takardar bayani. Mai hankali mayarwa zai yi. Shi gida ya kai. Tun daga ranar teburin bayan injin fotokofi ya zama filin jirgi. Ya yanke guntu da reza, ya goge, ya ɗiga kol, wato gam, da tsinken sakace, ya ɗora tabarau biyu ɗaya kan ɗaya yana fentin kujerar matuƙi wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, wadda kuma in an rufe gilashi ba mai ƙara ganinta. Lambobi da tambari sai ya jiƙa su a ruwa su zame a jikin jirgin yana riƙe numfashi. Ɗalibai suna tsaye da takardunsu yana ce musu, "Deux minutes," wai minti biyu. Matarsa Mounira ta gaji da neman hantsakinta, ta sayi wani ta ɓoye.

Duk wannan da sauƙi. Abin da yake tinƙaho da shi datti ne. Jirgin yaƙi na gaske ba ya ƙyalli, in ji shi, wanda bai taɓa taɓa na gasken ba. Sai ya kankare alli mai launi ya zama gari, ya ɗebo baƙin gindin tukunya, ya tace jar ƙasa da ƙyalle, ya bi fiffike yana shafawa da busasshen pinso, ɗan buroshin fenti. Ya tsoma bakin allura a fenti ruwan azurfa yana ƙirƙiro ƙwarzane. Mutum da hankalinsa, ya share wata tara yana sassaƙa wa Mirage ɗaya datti, a garin da datti kyauta ne.

Akwai dalili, ko da yake ba ya faɗa. Alhaji Mahamman yana da wata kalma da yake furtawa in ya duba huhun goro ya tarar an ware an jera yadda ya kamata: "Hannu ya yi." Chaibou ya ji ta tun yana ɗan shekara goma sha biyar, har ta daina yi masa daɗi. Abduljalil bai taɓa jinta ba ko sau ɗaya, ga tsoho ya haura tamanin. Abin yana cinsa, kuma Mirage ɗin nan don wannan kalmar ya yi shi.

Babbar Sallah ta matso, berni bai iso daga Cotonou ba, wato ruwan da ake fesawa a ƙarshe ya kulle aikin kada ya goge. Ya sani sarai. Haƙurin da ya yi wata tara ya ƙare a kwana uku. Ya ɗora kwali a cinya a taksin Djougou, ya yi faɗa da duk wanda gwiwarsa ta matso.

Bayan an yanka rago, Alhaji yana kan buzunsa a tsakar gida, Abduljalil ya durƙusa ya buɗe kwalin. Tsohon ya ɗauki jirgin ya jujjuya shi yadda yake wa goro, ya kai shi kusa da ido.

"Wa ya yi aiki da shi kafin ka saya?"

Chaibou ya ƙyalƙyale da dariya. "Venu de France ne, Baba, gwanjon Faransa. 'Ya'yan Nasara sun gama wasa da shi."

Wani gwanin irin wannan aiki da ya ji haka da ya yi murna, tunda dattin ƙarya ya ci har ya ruɗi mai ware goro na shekara sittin. Abduljalil gumi ya keto masa.

"Baba, ni na haɗa shi. Dattin ma ni na yi."

"Kai ka yi dattin," in ji Alhaji a hankali. Ya ajiye jirgin a gefen buzu. "Abdu, a gidan nan mai tabo ware shi ake yi, ba a kawo shi gaban mutane."

Shi ke nan. Aka kira maza rabon nama a maƙwabta. Abduljalil ya ɗora jirgin a taga ya bi su, tire a hannu, kunya ta cika shi har wuya.

Gwaggo Bilkissou, ƙanwar Alhaji, tana bakin madafa ta ji komai. Ita ke wanke goron gidan tun kafin a haifi Abduljalil, kuma ita ta goye shi. Tausayinsa ya kama ta. Da ƙiyayya ce ta kama ta da abin ya zo da sauƙi. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta kawo sabulu da tsohon buroshin haƙori, ta zauna ta miƙe ƙafa. Allin ya tafi a wankin farko. Lambobi da tambari suka taso suna yawo a kan ruwa, ta watsar da su. Wani siririn tsinke da ke saman jirgin ya soke ta, ta karya shi don kada ya ji wa wani. Ta shafa man kaɗanya, ta naɗe shi cikin ɗanyen ganye kamar goron biki.

Bayan la'asar maza suka dawo suka zauna. Ta zo ta ajiye ƙunshin gaban yayanta ta ce, "Yaya, sake duba aikin ɗanka."

Alhaji ya buɗe ganyen. Ga jirgi nan sumul, fari-fari, yana sheƙi kamar sabon bokiti, ba lamba ba tambari. Ya shafa fiffiken da babban yatsa, ya shafa ɗayan, ya daɗe yana neman inda aka haɗa bai samu ba. Ya ɗago ya dubi Abduljalil.

"Hannu ya yi, Abdu."

Chaibou ya daina tauna. Gwaggo ta share ido da bakin mayafi.

Abduljalil kuwa makwarara yake kallo, inda tambarin da ya riƙe numfashi ya manna ke kwance a caɓi, kaza tana tsattsagarsa. Wannan mutumin, da zai tsayar da ɗalibi awa guda a kan launin hayaƙi, yanzu ga maganar a bakinsa, ta wata tara. Ga kuma fuskar ubansa a sake, irin wadda shekara arba'in da uku bai gani ba. Ya haɗiye maganar.

"Na gode, Baba."

Alhaji ya miƙa jirgin a kai ɗaki a jera shi da kwanukan baƙi. Ya gyara zama ya ƙara da cewa, "In ka yi wani, ka riƙa kawo wa gwaggonka ta ƙarasa maka."

Abduljalil ya ce, "To, Baba."