Boris Ɗin da Garba Ya Ƙi Karɓa

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Garba, kuma har yau ban daina jin kunyar abin da ya shiga tsakaninmu ba.

Garba makanikin jiragen soja ne, irin manyan jiragen nan masu saukar ungulu da ke ɗaukar mota sukutum. Ni kuwa fataucin kayan gyaran manyan motoci na yi, daga Illo zuwa Kwatano, Lome, har Dubai. Na yi ciniki da Dandanci, da Faransanci, da ɗan Larabcin kasuwa, kuma ko'ina ido da kunne ne ma'aunina. In na ƙwanƙwasa ƙarfe na ji ƙararsa, na san lafiyarsa.

Wata damina kogin Kwara ya cika, ruwa ya raba ƙauyukan bakin kogi da Bagudo. Garba ya zo hutu a lokacin. Ya ce min jirginsu da zai iya kai buhunan hatsi can yana zaune a ƙasa, ana jiran boris, wato ƙarfen da babbar farfela ke juyawa a kansa, daga ƙasar da ta ƙera jirgin. Har sun gama kwance sassan wani jirgin suna ɗaura wa wani, babu sauran abin cirewa. Na karɓi lambar boris ɗin, na ƙudura a raina zan samo shi.

Mu 'yan kan iyaka mun yarda babu abin da ba ya tsallakowa. Cikin mako biyu wani dillali a Kwatano ya samo min shi, yana ƙyalli cikin maiko. Na kawo shi zaurenmu a ƙunshe, na kwance ƙyallen a gaban Garba da abokaina huɗu, ina jiran yabo.

Garba ya jujjuya shi, ya ce, "Yaya, ina katinai?"

Na ce, "Wane kati kuma? Ƙwanƙwasa ka ji!"

Ya ce kowane sashe na jirgi yana yawo da katinsa, inda ake rubuta awa nawa ya yi a sama da hannun wanda ya taɓa shi. Wanda ba shi da kati, ko sabo ne, ƙarfen bola ne a wurinsu.

"Yaya, in boris ya ci a tirela, sai ka faka gefen hanya. Can bisa babu gefen hanya."

Mutanen zaure suka yi dariya. Dariyar nan ce na kasa haɗiyewa. Na ce masa soja ya koya masa raina na gaba da shi. Ya sunkuyar da kai, ya ce in yi haƙuri, amma bai karɓa ba. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a tsaye. Shekara biyu muna haka, ciwon hanta ya ɗauke shi.

Bayan rasuwarsa na je Istanbul, wani abokin ciniki ya shiga da ni wurin gyaran jirage. Na ga kusoshi ƙanana cikin leda, kowanne da takardarsa a maƙale. Na tambayi wani dattijon makaniki abin da suke yi da wanda takardarsa ta ɓata. Ya nuna min inji da suke datse shi gida biyu, don kada wani ya tsinta ya sayar. Ban iya cin abincin rana ba.

Yau samarin Illo ta waya suke sayen safaya, hoto kawai suke gani su tura kuɗi. Da Garba na nan, na san ba zai yi musu faɗa ba. Ba mai yawan magana ba ne, ƙi kawai ya iya in abu ba daidai ba ne, ko da yayansa ne ya kawo.

Bai bar gida mai bene ba. Ya bar matuƙan da suka sauka lafiya, waɗanda ba su san an taɓa yin wata gardama a wani zaure saboda su ba. Cikin abokaina huɗu, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Sauran biyun na same su ranar kasuwar da ta wuce, na ce musu Garba ne da gaskiya. Ɗaya ya dube ni, ya ce, "Alhaji, ai mu tun ranar muka sani."

Allah ya jiƙan Garba, ya yafe min.