Mayen Ƙarfen Baba Godwin

Da aka rufe masaƙar da yake aiki a Kakuri, Godwin bai fito da komai ba sai tari da wani mayen ƙarfe. Ɗan abu ne, bai wuce murfin kwalba babba ba, a zaune cikin kofin ƙarfe, da ƙugiya a bayansa. A masaƙa da shi yake tsinto allurai daga ƙarƙashin inji.

Ya koma Gonin Gora ya kafa injin niƙa. Duk mai niƙa ya san farantin inji yana cin kansa, musamman in an wasa shi, ɓarɓashin kuma cikin gari yake zuba. Yawancinsu ba sa faɗa. Shi kuwa Godwin ba ya sallamar roba sai ya ɗaura mayen a igiya ya ratsa garin da shi sau uku. Ya ɗago, ya shafe baƙin gashin ƙarfen da ya manne, ya nuna wa wanda ya kawo niƙan.

"Baba, tuwo zan yi, ba asibiti na kawo masarar ba," in ji Maman Tracy, mai sayar da abinci a bakin titi.

"Haƙoranki nawa suka rage, Madam? Bari in tsare miki su."

Shekara goma sha tara yana haka. Sunansa ke nan a unguwa: garin Baba ba ya ƙaras-ƙaras. Da yanar ido ta rufe shi, bai daina ba, da yatsa yake jin ɓarɓashin.

Wata Lahadi ya tafi coci, 'yarsa Celina ta share masa shago don ta faranta masa. Ta tattara tsofaffin farantai ta ba 'yan gwangwan. Ba ta san a jikin ɗayansu yake manna mayen in ya tashi aiki ba. Abin ya yi halinsa, ya bi ƙarfe ya tafi.

Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Kwana uku tana riƙe da hannunsa suna zagaya masu tsofaffin ƙarafa, ba su same shi ba. A na huɗu ta ɓalle na tsohuwar sifika ta kawo masa. Wannan tsirara yake, ba kofin da zai kare shi. Ya bugi bakin inji sau ɗaya, gefensa ya gutsure cikin garin Maman Tracy, ba wanda ya lura.

Washegari Maman Tracy ta dawo da lomar tuwo a leda. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, taɓa ka ji."

Ya murza tuwon tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana murzawa. Sannan ya ce wa Celina ta kashe inji.

Celina ta samo wani mayen ƙarfe mai kofi daga baya, sabo fil, ya ma fi na da ƙarfi. Ya auna shi a tafin hannu ya mayar mata.

"Ba mayen ba ne, 'yata. Yatsuna ne ba su ji ba."

Bai ƙara niƙa ba. Ya rasu bara da damina. Celina ce ke shagon yanzu, tana ratsa gari sau uku, mata suna mita.