Gayyar Gonar Malam

Daminar da sojan Nasara suka fara ratsa ƙasarmu, ranar kasuwar Tsiga, aka ɗaure mahaifina da igiya aka tafi da shi. Na yi wayo lokacin, amma ban isa riƙe garma ba.

Mahaifina shi ne malamin garinmu. Nasara sun aiko a ba dawakinsu dawa, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce, "Ko zangarniya ba zan ba su ba, ku ma kada ku bayar." Duk gari suka ce suna bayansa. Da kunnena na ji.

Malam ba ya noma da hannunsa. Kowace shekara gari ke yi masa gayya: samari su jeru da fartanya, makaɗi na zuga su, mu yara muna kai musu kunu muna kamun fara a tsakanin kunyoyin gona, kafin azahar an nome gonar tas.

Da ciyawa ta taso a wannan damina, Inna ta aika gida-gida kamar kullum. Ba a kiran gayya a bar mutane da yunwa, don haka ta kwashe ragowar geron da zai kai mu kaka, ta tuƙa tuwo, ta dama kunu. Da sassafe muka jera tukwane a gindin ɗorawa.

Hantsi ya yi, ba kowa. Sai da rana ta take ƙanen Inna, Kawu Ɗanjuma, ya zo, ba fartanya.

"Yaya, kwashe kayanki. An ce duk wanda aka gani a gonar Malam, shi ma ɗaure shi za a yi."

"Wa ya ce?"

"Haka dai ake cewa."

"Ɗanjuma, kai ma?"

Ya sha kunu, ya goge baki, ya tafi.

Tuwon ya lalace a tukunya. Ni da Inna muka nome abin da hannunmu ya iya, ciyawa ta cinye saura. Ƙanwata Ladi ba ta kai kaka ba. Kuma har aka yi girbi, ko sojan Nasara ɗaya bai sake leƙo garin ba.

Yau jikokin mutanen garin na ambaton Malam da girma, wai da kakanninsu aka tsaya. Ban san inda kabarinsa yake ba, karatuna kuma bai wuce na salla ba. Ina Dandume, na tsufa. Gonata 'yar ƙarama ce, daidai hannuna.