Mutumin Da Ya Yi Wa Kujeru Tafinta

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa ma'aikatar harkokin waje, tun masu shara ba su gama ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan a haka. Ya jingine kekensa bayan ɗakin janareta, ya hau bene, ya buɗe ofishin nan mai fankar da ke kuka kamar za ta faɗo wa mutum a ka. Ya fere fensir uku, ya kamo tashar rediyon maƙwabciyar ƙasarmu, ya zauna yana sauraron sojojin da ke mulkinta suna zagin mu. Karin kumallon Baba Tafinta ke nan.

'Yar autarsa takan ce, "Baba, wallahi ka fi sauraron sojojin nan a kan Inna."

Ya ce, "Innarku ai ba ta taɓa kulle kowa a kurkuku ba."

Juma'ar da ta wuce ya yi ritaya. Hotonsa bai taɓa fitowa a jarida ba, in ban da ranar da aka ɗauki wani jakada yana gaisawa da baƙi, aka ga rabin kunnen Baba a gefe. Matarsa ta yanke hoton ta liƙa a bangon falo, yana nan har yau.

Tun zamanin tafireta yake wurin, lokacin da kuskuren harafi ɗaya kan sa a sake buga shafi guda. Allah sarki, na wancan zamanin duk sun watse. Jakadu goma sha ɗaya ya zame wa baki. Ƙa'idarsa ɗaya ce: maganar da aka fara, sai ya kai ta har ƙarshe, ba ragi ba ƙari, ko da zagi ne.

Shekara shida da suka wuce sojojin suka kama direbobinmu tara na manyan motoci a kan iyaka, wai 'yan leƙen asiri ne. Mutanen da siminti da albasa suka ɗauko fa! Iyalansu suka mai da bencin ƙofar ma'aikata gida. A cikinsu akwai wata tsohuwa, ɗanta ke nan ɗaya a duniya. Kullum Baba zai wuce sai ta ce, "Ɗan'uwana, yau da labari?" Shi kuma ya ce, "Ana nan ana yi, Yaya."

Zaman tattaunawa na goma sha bakwai kan sakin direbobin, a wani ɗaki na barikin kan iyaka aka yi shi: dogon tebur, tagogi a rufe, rikoda a tsakiya, hoton shugabansu yana harararka daga bango. Jakadanmu sabo ne, ga ilimi ga saurin fushi. Tun a mota Baba ya ja kunnensa.

"Ranka ya daɗe, Kanar ɗin nan mai jagorantar ɓangarensu da rikoda yake magana, ba da mu ba. Shugabansu ake kai wa kaset ɗin. Dole ya zage mu tas don ya tsira da wuyansa. In da wani alheri, can ƙarshen magana yake cusa shi. A daure."

Jakada ya ce, "Na ji," yana duba agogo.

Kanar ya buɗe baki. Ya kira mu mabarata, ya kira mu ɓarayi. Baba yana juyawa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa ko gezau. Minti ashirin ana haka. Da zagin ya kai kan mahaifin Jakada, sai ya doki tebur ya miƙe. "Mu tafi!" Tawaga ta bi shi ɗuu.

Sakatariyar da ke rubuta bayanin zaman ce ta ba da labarin abin da ya biyo baya. Ta ce har ta kai ƙofa ta waiwaya, sai ga Baba zaune daram. "Baba, taso mana!" Ko kallonta bai yi ba.

Ya san ƙa'ida. In ɓangare guda ya fice kakaf, zama ya watse, kuma sojojin nan sukan yi shekara ba su yarda an sake wani ba. Tsoro kam ya ji shi, har fensir yana zame masa don gumi. Shi kaɗai, da soja shida riƙe da bindiga. Kanar ya tsaya ya ƙare masa kallo, sannan ya ci gaba da zagi. Baba kuwa ya ɗaga murya yana yi wa kujeru huɗu da babu kowa a kai tafinta, da ƙarfin da za a ji har baranda. Zagi, zagi, zagi. Can sai Kanar ya sassauta murya ya ce wani abu yana tattara takardu.

Baba ya kwarara shi: "Ya ce takwas daga cikin tarkacenku, ku zo ku kwashe ran Alhamis, abinci suke cinye mana!"

Sakatariya ta ce ba ta taɓa ganin babban mutum ya juyo da sauri irin na Jakada ba. Ya shigo ya zauna, ya yi gyaran murya kamar bayan gida ya zaga.

Ran Alhamis mutum takwas suka ƙetaro. Jakada ya sami lambar yabo. Baba ya sami takardar gargaɗi don ƙin bin umarni. Na taran da aka riƙe kuwa ɗan tsohuwar nan ne. Baba bai bari ta ji a bakin kowa ba. Ya je benci ya durƙusa ya ce, "Yaya, ban kawo miki shi ba." Ta ce, "Tashi, gwiwarka za ta yi ciwo." Ranar ya yi kuka.

Kai ne, Baba, bakin da ba ya ƙari, kunnen da ba ya gajiya. Kai ne ka haɗiyi zagin da ba naka ba, ka fito da mutum takwas a cikinsa. Yau 'ya'yansu suna tarbar ubanninsu da "Baba ya dawo" da yamma, ba su ma san kamanninka ba.

Wajen walimar sallama, bayan lemo da jawabai, aka ce ya yi magana. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana faɗin maganar wasu ya miƙe zai faɗi tasa. Ya dafa tebur, ya dube mu, ya ce, "Saura ɗaya." Ya zauna.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma da kuka gaji kujerarsa, wata mai zuwa akwai zama na arba'in da biyu. Za a zage ku har ranku ya ɓaci. Don Allah kada ku tashi sai Kanar ya kai aya. Tsohuwar tana kan benci har yanzu, ganinta ya fara raguwa, kuma so take ta ga ɗanta tun tana iya gane shi.